Igiyar suruki

Mijina mai rufin kwano ne. A Kwatano kuwa kwano munafuki ne: iskar teku tana cinsa ta ƙasa, daga sama ka gan shi lafiya lau, kana takawa ya buɗe. Haka wani maƙwabcinmu a Zango ya faɗo daga kan wani sito wajen Plakoji. Da safe ya sayi koko a wurina, da la'asar aka yi masa salla.

Tun ranar tsoro ya hana ni sakat. Na roƙi maigidan ya riƙa ɗaure kansa in zai hau, sai ya yi dariya.

"Ni sa ne da za a sa mini igiya? Abokan aikina a shantiye, wurin gini, su gan ni a ɗaure? In kwana ya ƙare, ya ƙare."

Na yi magiya, na yi fushi, har gaisuwa na rage masa. Mutumin nan ko a jikinsa. Da na ga bakina ya gaza, sai na hau zem, wato acaɓa, na tafi wurin Babana, tsohon falken shanu, na zayyana masa komai. Na san abin da nake yi: mijina zai iya musu da duk Zango, amma ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa.

Washegari yana shirin fita sai ga Baba da sabuwar igiya a kafaɗa. Maigidan ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Ɗaga hannu."

Ya zagaya masa ita ta ƙirji da cinyoyi, ya yi irin ƙullin da suke wa shanu a mota, wanda ba ya kwancewa kuma ba ya shaƙewa.

"Ɗayan bakin a jikin ƙarfen gini, ba a katako ba. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ina bayan labule na toshe baki don kada dariya ta tona ni.

A shantiye suka sa masa suna Bijimi. Ya sha tsiya, amma kunyar Baba ta hana shi cirewa. Damina na tsakiya, wata rana ya dawo da wuri yana ɗingishi. Kwano ya ɓurma da shi, ya yi lilo a sama har aka kawo tsani. Yanzu ya sayi ɗamarar aiki ta gaske, masu tsokanarsa ma yawancinsu sun saya.

Ranar da abin ya faru dai, da ya cire riga na ga shatin igiyar ya kwanta baƙi a ƙirjinsa. Ina shafa masa man kaɗe ina kuka, shi kuma ya ƙi kallona.

"Gobe ki raka ni gidan Baba," ya ce.