Fiton Zuba Taliya

Oronzo Cafaro bai taɓa rera waƙa a gaban mutane ba, bai kuma iya kaɗa komai ba, amma da wuya a sami ɗan Italiya mai furfura da bai taɓa jin bakinsa ba. An ji shi a rediyon mota, an ji shi a wajen ɗaurin aure, wasu ma sun bar wasiyya a sa shi ranar jana'izarsu. Ba wanda ya san sunansa, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba. Duk abin da ya mallaka a harkar waƙa haƙori ɗaya ne, na gaba, kuma ɓantararre.

A Roccaliva aka haife shi, can kudu, inda itatuwan zaitun suka girmi cocin gari. Yana yaro ya ciji wani zaitun da kakarsa ta rantse ta cire masa ƙwallo, haƙorin ya ɓantare ta gefe, ya bar 'yar kafa wadda ƙwayar shinkafa sai ta karkace za ta wuce. Ta nan iska ta samu hanya. Fiton da ke fita ta kafar siriri ne, yana tafiya nesa, a ƙarshensa kuma yana ɗan rawa kamar harshen kyandir idan an buɗe ƙofa.

Da ya auri Nunzia, 'yar mai gasa burodi, sai ya ba fiton aikin yi. Direban motar kaya ne a lokacin, ba shi da tsayayyen lokacin dawowa cin abincin rana, kuma kamar kowane namiji a garin, ya gwammace a zage shi da a ajiye masa taliyar da ta yi luguf. Sai suka shirya tsakaninsu. Idan ya ajiye mota a dandali ya kai kwanar shagon aski, zai yi fito, ya hau da shi sama a hankali sannan ya sauko. Ita kuma ta zuba taliya a ruwan da ke tafasa. Kafin ya gama hawan tudun unguwarsu, ya gaisa da tsofaffin da ke bakin ƙofa, ya wanke hannu, an tsame. Haka auren ya zauna lafiya.

Tullio Marangi abokin karatunsa ne, ɗan mai kantin magani, wanda ya tafi birnin Milano, can arewa, da jita da gashi mai yawa. Shi ke rubuta waƙoƙinsa, shi ke rerawa, kuma mahaifiyarsa ce ke sayen yawancin faifan. Wata bazara ya dawo gida da wata waƙa a kan mace da ta shiga jirgin ƙasa ba ta waiwayo ba. Waƙar tana da kai tana da ƙafa, tsakiyarta ce fanko. Yana zaune a shagon aski da kumfa a fuska sai Oronzo ya zo wucewa ya yi fitonsa na kullum. Tullio ya fito da kumfar ya bi shi har gida. Nunzia ta ƙara faranti, ba ta tambayi dalili ba.

Haka Oronzo ya tsinci kansa a Milano, a ɗakin naɗar waƙa, cikin rigar aurensa. Mai naɗar, bayan ya share hawaye, ya tambaye shi wace irin azaba yake tunawa idan yana wannan fito. Oronzo ya ce abincin rana.

Waƙar ta shiga gasar nan ta lokacin sanyi da duk ƙasa ke kallo a talabijin. A nan aka gano matsala: Tullio bai iya fito ba. Idan ya gwada, ƙarar da ke fita irin ta tayar keke ce da ƙusa ta soka. Sai aka tsayar da Oronzo a bayan labule da makirufo, Tullio kuwa ya tsuke baki ya lumshe ido a gaban jama'a. Bai ci gasar ba, ko kusa bai zo ba. Amma kafin ganyen inabi ya fito, masu fenti a kan tsani suna yin fiton, masu wankin kwano suna yi, sojoji a jirgin ƙasa suna yi. Wata jarida ta rubuta cewa a cikin wannan fito ana jin kukan kudu gaba ɗaya, kukan uwaye da 'ya'yansu suka tafi arewa neman aiki. Oronzo ya karanta a shagon gahawa, ya gyaɗa kai, ya juya shafin ƙwallo.

Wadda ta sha wahalar nasarar ita ce Nunzia. A wannan shekarar kowace taga a Roccaliva da rediyonta, kuma akwai ranar da ta zuba taliya sau uku kafin a buga ƙararrawar tsakar rana. Kajin maƙwabta suka yi ƙiba. Daga baya ta koyi bambancewa. Ta ce na rediyo yana zuwa da goge a bayansa, na mijinta kuwa yana zuwa da yunwa.

Tullio ya ci gaba da fitar da faifai. Ya gwada waƙar rawa lokacin da kowa ke rawa, ya gwada ta siyasa lokacin da kowa ke fushi, ya auri wata Bajamushiya ya yi mata waƙa, ta tafi ya sake yi mata wata. Ba wadda ta kama. Daga manyan gidajen wasa aka sauko dandalin garuruwa, bikin waliyyin wannan gari, bikin tsiran alade na wancan, ƙungiyoyin 'yan ci-rani a Jamus da Beljiyam, inda tsofaffin ma'aikatan ma'adinai ke haƙuri da sababbin waƙoƙi kamar yadda ake haƙuri da huɗuba. Kowa waƙa ɗaya yake jira, a cikinta ma wuri ɗaya. Oronzo ya zama direba, ya zama mai ɗaukar kaya, idan lokaci ya yi kuma ya raɓe a bayan lasifika ya yi aikinsa. Shekaru suka yi ta wucewa, gashinsa yana fari, na Tullio yana ƙara baƙi.

Sau ɗaya kawai aka kusa tonuwa. A wani zaure a Stuttgart ta Jamus, Tullio ya buɗe baki yana godiya alhali fiton bai ƙare ba. Wata tsohuwa a layin gaba ta yi alamar gicciye ta ce ita dama ta san mutumin nan ba shi kaɗai yake ba.

Oronzo ya haura saba'in lokacin da haƙorin ya fara magana. Da farko da ruwan sanyi, daga baya da iska, daga baya ba da komai ba. Likitar haƙorin garin, Palmira, 'yar mai askin ce, kuma tun tana rarrafe ta san shi. Ta leƙa, ta ƙwanƙwasa, ta ce saiwar ta ruɓe, sai cirewa. Ya tambaya ko za ta iya dasa masa wani mai ɓantara iri ɗaya.

"Baba Oronzo," in ji ta, "shekarun da na yi ina karatu a birnin Bari, gyaran haƙori aka koya mini. Ɓata shi kuwa sai dai ka koma wajen kakarka."

Ya roƙe ta ta bari sai bayan bikin waliyyin gari, a watan Agusta, domin a nan Tullio zai yi wasan bankwana. Wannan ne bankwanansa na uku, amma an buga takardu an manna a bango, kuma a gida ne. Palmira ta ce haƙorin ba ya karanta takardun bango. Oronzo ya koma gida ya kama tauna kanumfari da kurkure baki da ruwan gishiri. Ba zafin ne ya dame shi ba. Abin da yake juyawa a ransa shi ne, mutum ya yi rayuwa a bayan labule ba laifi ba ne muddin akwai abin da yake yi a can. Idan babu, tsoho ne kawai a tsaye a bayan labule.

Kumatun ya kumbura har ya fara tura ido. Ana jibi biki zazzaɓi ya kwantar da shi. Nunzia ba ta yi gardama da shi ba, ta dai miƙa masa takalmansa ta ce Palmira na jira. Ita ta riƙe masa hula. Da aka gama, likitar ta nuna masa haƙorin a ƙaramin faranti, ɗan mitsitsi, launin tsohuwar takarda. Ya daɗe yana kallonsa. Bai yi kama da abin da ya sa ƙasa kuka ba.

Washegari ya tarar da Tullio a shagon aski, kansa shafe da baƙin rini, an ɗaura masa leda. Oronzo ya buɗe baki ya nuna masa giɓin.

"Kai, Oro, ka yi kyau," in ji Tullio. "Kamar ɗan aji ɗaya."

"Gobe fa, Maigida?"

"Kada ka damu, yana cikin na'ura. Mai haɗa sauti yana da shi, wanda ka yi a Milano. Tun bayan Stuttgart muke yawo da shi, don ko-ta-kwana."

Mai aski ya gama wasa aska. Sannan Oronzo ya tambaya ko makirufonsa a kunne yake duk shekarun nan.

"A kunne yake, na rantse da kabarin uwata." Tullio ya duba kansa a madubi. "Yawanci."

"To me ya sa kake jan ni gari-gari?"

"Wa zai tuƙa? Ni kuma wa zan riƙa yi wa ƙarya a hanya cewa ina rubuta sabuwar waƙa? Kai kaɗai ne ba ka taɓa cewa in rera maka ba."

Ranar biki da almuru, bayan an zagaya gari da mutum-mutumin waliyyi an mayar da shi coci, Oronzo ya zauna a kujerar roba cikin jama'a. Bai taɓa ganin wasan ta gaba ba. Da wurin fiton ya zo, Tullio ya tsuke baki ya lumshe ido, sai Oronzo ya ga ashe abokinsa kama yake da mai hura miya. Fiton ya fito ta lasifika, siriri, na matashi mai cikakken baki da mata sabuwa a gida, ya hau ya bi ta kan rufin coci, ya sauko da 'yar rawarsa. Matar da ke kusa da shi ta fashe da kuka, ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce irin wannan baiwa ba a sake yin ta. Ya ce haka ne. Ba wanda ya lura da komai. Aka yi tafi, aka harba wutar biki, Tullio ya sanar cewa saboda ƙaunar jama'a zai sake tunani a kan bankwanan.

Kashegari da tsakar rana Oronzo ya taso daga shagon gahawa. A kwanar shagon aski ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya tsuke baki ya hura. Iska ta fita a faɗaɗe, ba ta ɗauki komai ba, ko karen da ke kwance a inuwa bai ɗaga kunne ba. Ya hau tudun a hankali. Tunda duniya ta iya yi ba shi, ya ɗauka gida ma ya iya.

Ya tarar da tukunya tana tafasa har murfi na rawa. Taliyar kuwa tana kan tebur, ɗanya, a cikin takardarta. Nunzia na zaune ta harɗe hannu.

"Ba ki zuba ba?"

"Ban ji fito ba."

"Haba Nunzia, ke kika riƙe mini hula."

"Na riƙe. Amma ni tun da na shigo gidan nan ban taɓa zuba taliya ba a gaya mini ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ya ce ai jiya an yi fiton a dandali, duk gari ya ji, har da ƙauyukan gefe. Ta ce ta ji, wannan na Tullio ne, ya je matarsa ta dafa masa in yana da ita.

Oronzo ya tsaya a tsakiyar ɗakin girkin da hula a hannu. Bai san inda ake zama a nan ba. Duk tsawon aurensu bai taɓa ganin wannan ɗan lokacin ba, tsakanin zuba taliya da tsame ta, domin kullum yana kan tudu.

"To faɗa da baki mana, tsoho," in ji ta. "Har yanzu akwai sauran haƙora a ciki."

"Zuba taliya, Nunzia."

Ta tashi ta zuba, ta juya, ta ɗanɗana gishiri. Ta turo masa kujera da ƙafa, ta ajiye masa cuku da magogi, ta ce baki ne ya yi ritaya ba hannu ba. Ya zauna yana goga. Tururi ya hau ya rufe gilashin taga, dandali da cocin suka ɓace a bayansa. Lokacin tsamewa ya yi, ya san ya yi, a ƙafafunsa yake jin sa. Nunzia ba ta motsa ba. Ta bar ta tana ta dahuwa, tana laushi, irin laushin da a da sai an kwana ba a yi magana ba a kansa. Ya buɗe baki zai yi ƙorafi, harshensa ya taɓa giɓin, inda ɗinkin Palmira bai warke ba tukuna. Ya rufe bakin, ya ci gaba da gogar cuku.