Bilic ɗin da Na Zuba a Gidan Bakin Teku

Na fi wata shida ina cewa zan rubuta wannan ina fasawa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma maganar banɗaki ce, ba irin wadda mace mai shekaruna take so a ji daga bakinta ba. Amma abin ya ƙi barin raina.

A unguwar Camberwell ta London nake zaune, ina yi wa wata Hajiya aikin gida a unguwar Marylebone. Bara da aka yi hutun makaranta ta ce mu tafi gidan da maigidanta ya saya a wani ƙauye a bakin teku. Gidajen wurin ba su fi goma ba. Ni na saba da London, ka ja ruwa ya tafi, ba ruwanka da inda ya nufa. Kuma ba na iya salla da natsuwa a gidan da ban yarda da banɗakinsa ba, balle an ce masu gidan na da har kare suka ajiye a ciki. Don haka safe da yamma sai in tuttula bilic, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a masai, da bahon wanka, da wurin wanke-wanke. Har banɗakin da ba mai shiga ban ƙyale ba.

A sati na uku wari ya taso daga wani koren murfi da ke cikin ciyawar tsakar gida. Na ƙara bilic, warin ya ƙaru. Hajiya ta yi booking, wani tsohon Bature mai gyaran tanki ya zo. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya girgiza kai, ya zuba mata dogon Turanci.

Ta juyo tana danne dariya. "Inna, ashe kisa kike yi a gidan nan."

"Hajiya, don Allah ki bar irin wannan wasa."

"Ya ce babu babban bututu a ƙauyen nan, kowane gida da tankinsa. A ciki akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kafin ruwan ya fita. Ke kuma kin ba su bilic karin kumallo da abincin dare, sun mutu kaf."

"To wa yake kiwo a cikin masai bai gaya wa mai wankewa ba?"

Ta nuna mini wata takarda a bayan ƙofar banɗaki, an cika ta da ƙananan rubutun Turanci. Kullum sai na goge ta da tsumma, ban san da ni take ba.

Na ce a tambayi Baturen inda ruwan yake zuwa. Ya nuna ɗan rafin da ya bi gefen shinge ya gangara har rairayi. A nan yaran maƙwabta suke tona rami suna wasa, a nan kuma wata tsohuwa take tsintar katantanwar ruwa a bokiti, ta kai gida ta dafa. Ruwanmu bai tacu ba ya riƙa bi ta wurin, Allah kaɗai ya san kwana nawa.

Na roƙi Hajiya mu je mu gaya musu. Ta ce, "Inna, so kike hukumar council ta zo mana? An kwashe tankin, an gyara, ki manta." Ita da sauƙi, ba ita ta riƙe robar bilic ɗin ba. Har muka dawo ban ƙara ganin tsohuwar a rairayi ba, kuma ban san ko tafiya ta yi ko ciwo ba.

Bana ma an ce in shirya kaya, za mu koma gidan. Baturen ya bar mini wani sabulu marar ƙamshi, ina wanki da shi zuciyata na cewa bai fita ba. Shi ya sa nake roƙon masu karatu. In akwai likita a cikinku, ya gaya mini ko irin wannan ruwa yana kwantar da yaro ko tsoho. Wanda ya san aikin tankin nan ya faɗa mini abin da zan wanke masai da shi ba tare da na kashe komai ba. Malamai kuma, ya wajaba in ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar nan in faɗa mata, ko da Hajiya ta hana? In ya wajaba, wani ya rubuta mini yadda zan faɗa da Turanci, gajere, in haddace kafin mu tafi.