Aikin Keke a Ƙirjin Baba

Babana maɗinkin manyan riguna ne, mai aikin hannu, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya tafi Idi da sabuwar riga ba. Duk azumi yana zaune a zauren gidanmu a unguwar Briketeri, shaddar mutane jibge a gefensa, yana fitar wa wasu zanen aska takwas a ƙirji. Ranar Sallah sai rabin unguwa su fito da aikinsa a jiki, shi kuwa ya jawo tsohuwar farar rigarsa da wanki ya cinye wa wuya, Inna ta goge masa, ya bi bayansu. Abin yana ƙona mini rai tun ina ƙarama, kuma ban taɓa iya ɓoye hakan ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Bai taɓa yi mini tsawa ba, bai kuma taɓa ce mini a'a ba. Inna takan ce shi ya ɓata ni, kuma tana da gaskiya. Na tashi da kafiya, idan na ƙulla abu a raina sai na ga ƙarshensa.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, kuma da yake shi kansa riga da hula yake sawa, har ma'aikatan ofis da suka saba da kwat suka shiga neman babbar riga. Sai ga kekunan surfani sun shigo unguwa, irin waɗanda ke gamawa a yini abin da Baba ke kwashe makonni yana yi. Masu hali dai suka tsaya wajen Baba, domin aikin hannu shi ne na manya. A cikinsu akwai wani Alhaji mai fataucin goro, wanda duk inda ya kai ɗinkinsa, can sauran 'yan kasuwa suke bi. Da ɗinkin waɗannan mutane gidanmu ke ci.

A shekarar da nake magana, idon Baba ya fara rauni, yana ɓoyewa. Magana ta fara yawo tsakanin maɗinka cewa Malam ba ya gani sosai, kuma idan ta tabbata, ba wanda zai sake danƙa masa shadda mai tsada. Ni a lokacin na yi aure, ina unguwar Nkomkana, ina haɗa turaren wuta ina sayar wa matan unguwa. Nakan leƙo gida. Na ga Inna tana zura masa zare a allurai tana jera su a jikin matashi. Na ga ya matso da tabarmarsa bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Na gani da idona, amma ban tsaya na haɗa wannan da wancan ba. Hankalina yana kan tsohuwar rigar nan.

Sallar farko bayan aurena na kai masa shadda, ya ɗinka wa mijina ita. Da shekara ta zagayo na sake kai wata, ruwan ƙasa, na rantse idan ya ba wani ba zan ƙara taka gidan ba. Ya yi dariya ya ce, "To, Uwata," ya sa a akwati. Sallah ta zo, ya fita da tsohuwar. Na koma ɗakina ina huci. Tun ranar na yanke cewa baɗi ɗinkakkiya zan kai masa, in ga yadda zai yi da ita.

Azumin ya faɗo cikin damina. Na tafi kasuwar Mokolo sayen kayan Sallah, jar laka har idon sawu. Na Inna bai ba ni wahala ba, na san ta da son atamfa mai duhu, wadda ba ta nuna toka. Ƙanwata kuwa ko me aka kai mata sai ta taɓe baki, don haka na ɗaukar mata takalmi ban ko tsaya zaɓe ba. Surukata na saya mata mayafi da goro, na ƙara da turaren da na haɗa da hannuna. Na Baba ne ya tsayar da ni. Na zaga rumfunan shadda ina shafawa, ina ɗagawa a haske, ina sa masu kaya suna sauko da na sama, har wani ya ce da ni, "Madam, aure za a yi ne?" Daga ƙarshe na tsaya a kan wata shuɗiya mai haske. Na riƙa hango shi a cikinta a sahun gaba, mutane suna waiwaye.

Da na nuna wa mijina, direban babbar mota ne, mutum mara yawan magana, sai ya ce, "Ki kai masa yadin kamar yadda kowa ke yi. Kin taɓa ganin an kai wa mahauci tsarabar nama?"

"Na kai yadi ya ɗinka maka," na ce. "Kai ai ba ka da ta cewa."

Rigar kuwa tana nan rataye a bayansa.

Masu aikin hannu duk abokan Baba ne, ko almajiransa, ba wanda zai karɓa bai faɗa masa ba. Saboda haka na nufi wajen wani Bafulatani mutumin Garwa, mai sabon keken surfani a bakin titi. Ya san ni. Ya juya shaddar, ya dube ni, ya ce, "Adda, Malam ya san da wannan?"

"Kado ne, kyautar ba-zata. Ana faɗar kado?"

"A'a, amma Malam fa..."

"In ba ka iyawa ka ba ni kayana, ba kai kaɗai ke da keke a kartiye ba, unguwa cike take da irinka."

Ya karɓa. Ya kuma yi aiki tsakaninsa da Allah, ya cika ƙirjin da farin zare, yana walƙiya tun daga nesa. Irin aikin nan ne da ko yaro ya gani ya san keke ne ya yi shi.

Da gangan na zaɓi safiyar Sallah, don kada ya samu sararin ba wani. Na shiga gida na tarar ya yi wanka, yana zaune a tsakar gida da wando da 'yar ciki. Inna ta nufi ɗaki ke nan tana cewa, "Bari in ɗauko maka," sai ga sallamata. Na durƙusa na gaishe su, na yi musu barka da Sallah, na kwance ƙunshin a gabansa ina ta washe baki.

Baba bai ɗaga rigar ya kalla ba. Hannu ya sa. Ya bi ƙirjin da yatsunsa a hankali, ya juya cikin ya shafa bayan ɗinkin. Ya daɗe a haka.

Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ta ce, "Malam, ba dai ita za ka sa ba?"

Ya ce, "Uwata ta kawo mini riga ranar Sallah. In ce mata me?"

Inna ta juyo ta dube ni. Na san kallon, tun ina yarinya na san shi, kallon da ke cewa ki gyara tun abu bai ɓaci ba. Kalma ɗaya ake nema daga bakina. Da na ce, Baba ajiye ta sai wata rana, da shi ke nan. Amma na ci laka a Mokolo, na yi musu da mijina, na yi wa Bafulatani rashin kunya, ban ga ta inda zan ja da baya ba. Sai na ce, "Haba Inna, ki bar shi mana ya sa sabon abu ko sau ɗaya a rayuwarsa."

Ya miƙe ya zura ta. Ta yi masa kyau, wannan ba zan musa ba. Ya sa mini albarka, ya ɗauki buzunsa, suka fita da mijina, wanda ya rako ni ya tsaya a zaure.

Suna fita Inna ta kamo wuyan hannuna, ta ja ni ɗaki. A kan gado ga shaddar bara, ruwan ƙasar nan da na ɗauka tana akwati asu na ci. An ɗinke ta, an kai ta wajen masu bugu tana sheƙi. Ga aska takwas a ƙirji, ga tambari a baya, duk aikin hannu.

Inna ta ce, "Tun bayan waccan Sallah yake yin ta. Da hantsi kaɗai, in rana ta fito sosai. Ni ke zura masa zare. Wata rana ya yi, ya shafa, ya warware. Ya ce yau zai sa ta, ke ki ji daɗi, masu cewa ba ya gani kuma su gani."

Na zauna a bakin gadon. Na ce bari in bi shi da ita. Inna ta ce, "Ki bi shi ina? Cikin sahu za ki tuɓe masa?" Daga nesa ana jin kabbara. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan safiya ba, kuma ba abin da zan iya yi sai jira.

Da aka sauko na laɓe a bayan ƙofar zaure. Asalinmu Kano ne, kuma Baba yana da wani tsoho Bazazzagi abokin wasa, mai murya kamar ta mai shela. Tun daga kan layi na jiyo shi.

"Kai Bakano! Har kai ka koma keke? To mu ina za mu kai namu?"

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, ya ce, "Uwata ce ta yi mini." Tsohon bai nufi sharri ba, amma ya faɗi abin da kowa ke riƙe da shi a ciki. Can Alhaji mai goro ya shigo yin barka da Sallah. Ya gaisa da fara'a, ya tambayi iyali, sai dai na ga inda idonsa ya tsaya. Bai ce komai game da rigar ba. Da ma ya yi tsiya kamar Bazazzagin, da hankalina ya fi kwanciya.

Tsakanin Sallah da Sallah shi ne lokacin da shadda ke cika zaurenmu. A wannan shekara Alhaji ya aiko a karɓar masa wadda ya riga ya kawo, wai zai canza launi. Ba ta dawo ba. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Na shiga gida-gida wajen matan da nake sayar wa turare ina ba su labari, cewa ni ce na kai ɗinkin da kaina, Baba bai ma sani ba. Ashe ƙara ɓata abin nake yi. Sai aka koma cewa, ai ga shi nan, 'yarsa ta cikinsa ma ta san halin da yake ciki, shi ya sa ta kai wa wani.

Na yi ta neman hanyar ba shi haƙuri, bai ba ni ba. Da na buɗe baki sai ya tambaye ni ya mai gida, ko motar ta dawo daga arewa, ko turare yana tafiya. Inna ta yi mini faɗa son ranta, na ji sanyi kaɗan. Shi ne dai ba zai yi ba. Mutum ba ya yi wa uwarsa faɗa, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Da Babbar Sallah ta zo ban je Mokolo domin shi ba. Na rasa abin da zan zaɓa wanda ba zan ji tsoronsa ba. Kwalbar turare kawai na riƙo, na ce, "Baba, yau taka za ka sa." Ya ce, "To, Uwata." Ya sa ruwan ƙasar nan ya tafi Idi. Mijina ya faɗa mini an yaba ƙwarai, amma cewa aka riƙa yi tsohon aikinsa ne na zamanin da, ya ciro daga akwati.

Bayan la'asar, an gama rabon nama, gida ya yi shiru, na same shi a zaure. Inda shaddar mutane ke jibgewa babu komai sai tabarma. Ya tuɓe rigar ya shimfiɗa ta a cinyarsa a bakin ƙofa. Ya ce, "Uwata, matso. Duba mini ƙirjin nan. Layin ya miƙe?"

"Ya miƙe, Baba."

"Ki duba da kyau. Innarki ba za ta faɗa mini gaskiya ba."

Na durƙusa na ɗaga ta a haske. Ni 'yar maɗinki ce, na san inda ake neman kuskure. Na bi askar ɗaya bayan ɗaya, na duba wuya, na juya ciki. Na so ma in samu inda ya karkace, ko na ce wa kaina da ya sa ta ranar ma da an gane idonsa ya yi rauni. Ban samu ba.

Na ce, "Wallahi Baba babu inda ya karkace."

Ya gyaɗa kai, ya karɓa, ya fara ninkewa a hankali yana shafa ƙirjin da tafin hannu.

"To madalla," ya ce. "Ni ba na iya ganinsa. Da ma ke na yi wa, ki gani."