Kwat ɗin Madam Godelieve da Aka Rage Sau Tara

Daga ofishin Babban Darakta na gidan wasan kwaikwayonmu, mai kujerar fata da sakatarori biyu, nake sanar da jama'a rasuwar Madam Godelieve Van Acker, shugabar ɗakin ɗinkinmu. Ta cika ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a wani asibiti a nan birnin Gent, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ta bar 'ya ɗaya, Annelies, da jikoki biyu.

Madam, shekara arba'in da uku kina tufatar da sarakuna da mabarata, a kan dandali da cikin fim. Ba kya sa almakashi a yadi sai kin san abin da mai rigar yake ci da aljihun da yake ajiye hannunsa. Ranar Asabar mata kan kawo miki tsofaffin hotunan kakanninsu, ki ɗinka musu irin rigar da ke jikin hoton. Wata ta kawo hoton da ruwa ya cinye rabinsa, kika zaunar da ita ta yi ta ba ki labarin kakar har kika gane yadda hannun rigar ya kamata ya kasance. Da ta sa rigar, mahaifinta da ya rako ta ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ke kanki ba a taɓa ganinki cikin kayan zamani ba. Kullum kwat da siket na ulu, ɗinkin shekarun 1950, mai kama ƙugu ɗam, ko da a kan keke kike cikin ruwan sama. Irin wannan ɗinki ba ya rufa wa jiki asiri. Idan mutum ya ƙaru ko ya ragu da ɗan yatsa ɗaya, rigar ce za ta fara faɗa.

Shekara shida da suka wuce aka ɗauki wani shaƙiyyin saurayi aikin guga, Harisu, mutumin Damagaram, wanda bai san wata makaranta ba sai ta allo. A lokacin akwai wani babban ɗan wasa, Meneer Florent, wato Malam Florent a yaren nan, mai jefar da kayansa a ƙasa, wanda ba ya gaida kowa a ɗakin ɗinki. Harisu ya shiga rage masa ƙugun wando kullum da rabin santimita. Kafin mako uku Meneer Florent ya bar giya da soyayyen dankali, yana hawa sikeli tsakanin fitowa da fitowa.

Kika ɗaga wandon a hasken taga, kika daɗe kina dubawa.

“Wane ɗan nema ne ya yi wannan?”

Kowa ya duƙufa kan ɗinkinsa, sai kika ƙara da cewa:

“Ba don in kori mutum nake tambaya ba. Shekara goma ina neman hannun da zai ɓoye ɗinki haka.”

Harisu ya ce, “Ni ne, Madam. Amma don lafiyarsa na yi. Likitansa ma sai ya gode mini.”

“Rufe mini baki, shaƙiyyi. Mayar wa bawan Allah da ƙugunsa kafin yunwa ta kashe shi. Gobe ka ajiye dutsen guga ka zo ka zauna kusa da ni.”

Haka kika mai da ɓarna sana'a. Kika koya masa yanka, kika koya masa karatun boko da alli a kan teburin yanka, kina dungure masa kai idan ya zana fuskar darakta a maimakon harafi.

A watan Oktoban bara, da kowa ya fita cin abincin rana, kika kira shi, kika rufe ƙofa, kika tuɓe kwat ɗinki mai ruwan toka kika miƙa masa.

“Rage mini, yaro. Ɗan yatsa ɗaya kowane gefe, yadda ka yi wa Florent.”

“Madam, wa za mu tsokana?”

“Kowa da kowa.”

Sannan kika gaya masa abin da likitoci suka ce game da ciwon da ke cin jikinki. Akwai wasa mai kaya sittin na zamanin yaƙi da za a buɗe a watan Fabrairu, kuma kin yi niyyar ganinsa da idonki. Idan aka sani za a sallame ki ki je ki kwanta, Annelies kuma ta bar aikinta da yaranta a birnin Montreal, can ƙetaren teku, ta zo ta zauna tana kallonki. Kika sa ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba.

Daga nan, duk Alhamis biyu, sai a rufe ƙofa. Ya rage gefe, ya matsar da maɓallai, ya ƙara auduga a kafaɗa, ya ɗaga wuya don ya rufe ƙashin da ya fara fitowa. Sau tara. Ba wanda ya gane, har da masu awon mutane da ido tun kafin a haife shi.

Da Kirsimeti Annelies ta zo. Ta tare shi a matakala, ta rage murya.

“Harisu, kai ne kullum a gefenta. Mama ta rame ne, ko idona ne?”

“Ramewa kuma? Shekara nawa kika san kwat ɗin nan? Ya zauna mata ko bai zauna ba?”

“Ya zauna.”

“To idonki ne. Ki nemi tabarau, tsufa ya fara.”

Ta yi dariya, ta ɗan make shi a kafaɗa. Ranar biyu ga Janairu ta koma da kwanciyar hankali.

Aka buɗe wasan ranar ashirin ga Fabrairu. Kin tsaya a bayan labule da allura a bakinki har mutum na sittin ya fita. Bayan kwana sha tara kika tafi, jirgin Annelies yana sama bai sauka ba.

Da aka zo shirya ki, wannan kwat ɗin ta zaɓa. 'Yar tela ce, ta juya cikinsa kamar yadda ta ga kina yi, ta ɗaga shafin, ta ga layukan ɗinki tara jere da juna. Ta ƙirga su da yatsa. Ta dubi Harisu sau ɗaya, ta mayar da shafin, kuma har yau ba ta yi masa magana ba.

Madam, hanyar ibadarmu ba ɗaya ba ce, amma an karantar da ni cewa alheri ko na ƙwayar zarra ne ba ya ɓacewa a wurin Ubangiji. Shi nake roƙo ya dubi bayin da kika suturta, ya suturta ki, ya sassauta miki, ya yi miki rahama. Allah ya ba Annelies da yaranta haƙuri, ya ba mutanen ɗakin ɗinki juriyar ganin kujerarki ba kowa.

Saura magana ɗaya. Darakta bai san da wannan takarda ba, kuma bai taɓa riƙe allura ba. Ni ne Harisu. Na ari sunansa ne domin da nawa na kasa wuce layin farko.

Annelies, mahaifiyarki ta ba ni amana na riƙe, ke kuma kin tambaye ni gaskiya na hana ki, har na sa ki dariya. Da na buɗe baki a matakalar nan, da kin yi wata biyu da kwana tara kusa da ita. Ni na raba ki da su. Ina ɗakin ɗinki kullum daga ƙarfe takwas. Idan zagi kika kawo, zan miƙe tsaye in saurara har ki gama. Yafiya kuwa ba ni da bakin nemanta a gabanki, shi ya sa na rubuta.