Jinyar da Ta Kwantar da Lauratu

A Maigatari, duk wanda ya san rumfunan gyaran zoɓo ya san Lauratu. Doguwar mace ce mai fara'a, tafin hannunta kullum jawur saboda rinin zoɓo. 'Yar Gagarawa ce, aure ya kai ta can. Da mijinta ya rasu ba ta koma gida ba, ta zauna ta riƙe 'ya'yanta da wannan sana'a har ta aurar da su. Tana shirin hutawa ke nan sai saƙo ya zo cewa mahaifiyarta, Inna Bilkis, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu.

Aka kai tsohuwa asibiti a Gumel, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. 'Ya'yan Inna biyu ne suka rayu, Lauratu da ƙanenta Shehu, direban babbar mota mai jigilar kaya zuwa Damagaram. Shehu yana aiko da abin da ya samu, amma shi mutumin hanya ne. Don haka Lauratu ta ɗaure kayanta ta koma Gagarawa, tana cewa abokan aikinta su riƙe mata wurinta, ba za ta daɗe ba.

Shekaru suka zo suka wuce tana nan. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa. Ta yi wa Inna wanka, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta dama kunu ta ba ta a baki, sannan ta tsuguna kan wankin zannuwan da ba ya ƙarewa. Daga baya tunanin tsohuwa ya fara gushewa. Ko famfo Lauratu ta leƙa, sai ta dawo ta tarar da ita tana kuka. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa gaisuwar mutuwa. Har autarta ta haihu a Sule Tankarkar, ba ta samu zuwa suna ba, sai a waya aka nuna mata jaririn. Masu zuwa dubiya kuwa sai su ce, "Ya mai jiki?" Ba wanda ya taɓa tambayar jikin mai jinyar.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar lafiya da ta yi ritaya, Hajiya Zakiyya, ta haɗa matan unguwa suka kafa ƙungiyar kula da tsofaffi. Manoma suka riƙa ba su gero da wake lokacin kaka, wata ƙungiyar agaji ta kawo katifun roba da sabulu da keken marasa lafiya. Babban aikinsu shi ne karɓa-karɓa: mace ta je ta wuni da tsoho ko tsohuwa, mai jinya ta samu ta huta.

Ranar da suka zo gidan, Lauratu ta karɓi katifa da sabulu tana ta godiya. Da aka zo maganar karɓa-karɓa sai fuskarta ta canza.

"Hajiya, uwata ce fa," in ji ta. "Ina raye wata ta ga tsiraicinta? Me mutane za su ce?"

Hajiya Zakiyya ba ta yi musu da ita ba. Bayan ta gwada jinin Inna, sai ta ce wa Lauratu ta miƙo nata hannun. Ta gwada, ta sake gwadawa.

"Yaya Lauratu, jininki ya hau ƙwarai. Kina ciwon kai?"

"Ai ya zama jiki."

"Ki je asibiti cikin makon nan, don Allah."

"In bar ta wa wa?"

"Ki bar mana."

Lauratu ta yi dariya, ta ce in an yi sallah za ta je. Hajiya ta yi ta dawowa tana roƙonta, kullum amsar ɗaya ce.

Ba a kai sallar ba. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗaga Inna, sai ta ji ɗakin yana juyawa. Maƙwabciya ce ta shigo aron rariya ta same ta a ƙasa. Da aka dawo da ita daga asibiti, hannunta da ƙafarta na dama sun mutu, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Aka shimfiɗa mata a ɗakin Inna, tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

Matan ƙungiya suka shigo gidan ba tare da neman izinin kowa ba. Lauratu tana kwance tana kallo suna yi wa uwarta wanka, suna rufe ta da kyau, suna lallashinta. Sannan su juyo kanta.

Inna ba ta gane wadda ke kwance kusa da ita ba. Wata rana ta ture cokalin da ake ba ta kunu, ta ce, "Ina Lauratu? Ta gaji da ni ne ta tafi?"

Lauratu 'yar fari ce, saboda alkunya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba sai ranar. Ta yi ta ƙoƙarin cewa ga ni, harshe ya ƙi. Sai hawaye ke gangarawa cikin kunnenta. Hajiya Zakiyya ta ja katifar Lauratu ta haɗa da ta Inna, ta ɗora hannun tsohuwa kan na 'yarta. Inna ta riƙe, amma ba ta daina tambaya ba.

Farkon damina Inna Bilkis ta rasu. Wasu ne suka yi mata wanka, Lauratu tana jin zubar ruwan daga inda take kwance.

Yanzu tana takawa da sanda, magana na fitowa ɗaya-ɗaya. Shehu ya rage tafiyar nesa, 'ya'yanta sun so su ɗauke ta, ta ƙi. Tana nan a ɗakin, matan unguwa suna zuwa mata bi da bi. In suka gama aiki za su tafi, sai ta kama gefen mayafin ɗaya da hannunta mai lafiya, ta ce a ɗan ƙara zama.