Kafintan da Ya Koyi Zane a Kwance

Baffa, ƙanen mahaifina, kafinta ne, kabad ɗin kicin da durowar kaya yake yi. A bayan shagonsa akwai ɗan ɗaki da tsohuwar kwamfutar tebur, lulluɓe da zani saboda ƙurar katako. A kanta yake zana kowane aiki kafin zarto ya taɓa komai.

Wata rana yana kafa kabad a gidan wani, ƙafarsa ta zame daga tsani, ƙashin bayansa ya taɓu. Likita ya ce zai tashi in Allah ya so, amma zaman kujera an hana shi sai bayan watanni. Baffa ya kwanta yana kallon silin, ma'aikatansa suna shago suna jiran zanen da babu mai yi.

Babbar 'yarsa, malamar asibiti, ta kawo masa tabulet, 'yar kwamfutar hannu, da ɗan alƙalaminta.

"Wannan tiren shayin ne zai riƙe mini shago?" in ji shi.

"Baba, gwada dai. A ƙirji ma sai ka ɗora ta."

Da farko layukansa karkacewa suke yi, har sau biyu tabulet ɗin tana faɗo masa a hanci. Sannu a hankali hannu ya faɗa. Masu son aiki suka riƙa turo masa hoton kicin ɗinsu, shi kuma ya zana kabad a kan hoton, ya mayar musu. Wata mata ta ce ba ta taɓa gane zanen kafinta ba sai ranar da ta ga nata bangon da tagarta a ciki.

Sai dai wajen fitar da ma'aunin yanka, tabulet ta gaza. Manhajar da ke jera allunan katako don kada a yi asara, a tsohuwar kwamfuta kaɗai take aiki. Inna, matar Baffa, wadda ba ta taɓa kama linzamin kwamfuta ba, ta sa aka ɗauko ta daga shago aka ajiye kusa da gado.

"Maigida, kai ka faɗa, ni in danna."

"Ke da ko rediyo sai an kunna miki?"

"To tashi ka yi da kanka mana."

Baffa ya yi dariya har ciwon bayansa ya motsa. Haka suka fara, yana kwance yana faɗar awo, tana shigarwa da yatsa ɗaya, in ta yi kuskure ta ce shi ne bai buɗe baki ba. Ba a jima ba ita ta koma kama masa kuskuren lissafi. Ma'aikata suka koma yanka, ba a sallami kowa ba.

Yanzu Baffa ya miƙe, da sanda yake tafiya. Tabulet na cikin jakarsa duk gidan da zai je awo. Kwamfutar ta koma shago, Inna ta bi ta, kuma ba ta yarda kowa ya hau kujerarta.

Na taɓa tambayarsa wacce ta fi a cikin biyun. Ya ce in a gaban mai saye ne, ƙaramar. In a gaban zarto ne, babbar. Ya shafa kan sandarsa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Shekarun da muka yi da Innarku, ban san ta fi ni kan lissafi ba."