Yashin da Ƙasimu Ke Lodawa

Ƙasimu Wali ɗalibin digiri na biyu ne a fannin injiniyan ruwa. Da safe yana aji yana koyon yadda kogi ke cin gaɓarsa, da la'asar kuma yana bakin kogin Wudil da shebur, yana loda wa tifa yashi. Da wannan yake riƙe karatun. Mahaifinsa bai sani ba, shi dai ya san ɗansa injiniya ne.

Da malaminsu ya ba su aikin auna zaizayar gaɓa, Ƙasimu ya kafa na'urar awo a lambun mahaifinsa, don nan ne ba mai korarsa. Lissafi ya nuna ƙiri-ƙiri cewa ramin da masu yashi ke haƙawa a bakin kogin zai janye lambun kafin damina ta fita. Malamin ya yaba ƙwarai.

Cikin Agusta gaɓar ta rufta, ta tafi da mangwaron da kakansa ya shuka. Mahaifinsa ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Allah ya isa tsakanina da masu yashin nan."

Ƙasimu ya ce amin can ƙasa-ƙasa. Da la'asar ya ɗauki shebur ɗinsa.